Gudun Gwani ko Zaɓen Lokaci: Sake Duba Tarihin Damben Floyd Mayweather

Tun da Floyd Mayweather ya ajiye damben zamani a 2017 da nasara 50 ba a taɓa doke shi ba, wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin masu sharhi, wai zargin da ake yi masa na kauce wa gwanaye don kare aljihunsa hassada ce kawai, kuma jerin waɗanda ya buge ya isa amsa. Sukan lissafo De La Hoya, Hatton, Márquez, Mosley, Cotto, Canelo da Pacquiao, su ce wa ya rage? A ganina wannan hujja tana amsa tambayar da ba a yi ba. A wasan da ba shi da hukuma guda mai tsara wa zai kara da wa, inda WBA, WBC, IBF da WBO kowace ke raba nata kambun, sunan abokin karawa ba ya wadatarwa sai an san yaushe aka kara, a wane nauyi, bisa wane sharaɗi.

Adalci ne a fara da abin da ba a jayayya a kansa. Mayweather na farkon zamani bai zaɓi mai sauƙi ba. A Janairun 2001 ya fuskanci Diego Corrales, wanda ba a taɓa doke shi ba, ya kai shi ƙasa sau biyar. A 2002 José Luis Castillo ya ba shi wuya har wasu suka ce Castillo ne ya ci, sai Mayweather ya sake karawa da shi a cikin shekarar. Sauyin ya zo ne a 2006, lokacin da ya biya dala 750,000 ya fanshi kwantiraginsa daga kamfanin Top Rank na Bob Arum, bayan ya ƙi tayin dala miliyan 8 na karawa da Antonio Margarito. Damben da ya yi da De La Hoya a Mayun 2007 ya jawo masu biya su kalla a talabijin kimanin miliyan 2.4. Daga nan hajar da yake sayarwa ta zama rashin faɗuwarsa: wasu su biya don su ga gwaninta, wasu don su ga ranar da zai sha ƙasa. Duk mai irin wannan haja, faɗuwa ɗaya asarar jari ce gare shi.

Babbar hujjar masu kare shi ta shafi Manny Pacquiao, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Suna cewa karawar da aka tsara yi ranar 13 ga Maris 2010 ta wargaje ne a kan gwajin jini na ba-zata da Mayweather ya nema a yi ƙarƙashin hukumar USADA, ɓangaren Pacquiao kuma ya ƙi a ɗebi jini dab da ranar dambe. Buƙatar ba ta banza ba ce, domin gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari a dambe yana da rauni a lokacin, shi kuma Mayweather ya miƙa kansa ga irin gwajin tun daga karawarsa da Mosley. Suna ƙarawa da cewa Arum ya fi cin riba idan Pacquiao ya kara da 'yan kamfaninsa, kamar yadda ya haɗa shi da Joshua Clottey ɗan Ghana a waccan ranar, sannan Margarito, sannan Timothy Bradley. Daga 2013 kuma Mayweather na tare da tashar Showtime, Pacquiao na HBO. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ɗora laifin jinkirin shekara biyar a kan mutum ɗaya bai yi adalci ba. Sai dai abin da hujjar ta kasa bayyanawa shi ne yadda shingen ya riƙa sauya wuri. Da maganar gwaji ta lafa, sai ta koma ta rabo. A farkon 2012 Mayweather ya yi wa Pacquiao tayin dala miliyan 40 dunƙule, babu kaso a kuɗin masu kallo, alhali kowa ya san nan ne ainihin dukiyar take. Da wuya a ce wanda ya yi wannan tayi yana tsammanin a karɓa.

A nan ya kamata in taƙaita da'awata zuwa inda hujja ta tsaya. Ba ta nuna tsoro ba, don ba a auna abin da ke zuciya da takardar kwantiragi. Ba ta kuma nuna cewa da an yi damben a 2010 Pacquiao zai ci ba; mai yiwuwa ne ƙwarai sakamakon ya zama ɗaya. Abin da ta nuna shi ne jinkirin ya rage haɗari ya kuma ƙara farashi a lokaci guda. Pacquiao na 2009 ya shimfiɗe Hatton a turmi na biyu, ya sa alƙali ya tsayar da damben Cotto a turmi na goma sha biyu. Bayan Cotto bai sake gama kowa kafin ƙarshen lokaci ba sai a 2018. A Disambar 2012 Márquez ya yi masa naushin da ya bar shi rub da ciki a turmi na shida. Wannan Pacquiao ne ya shiga fili a Las Vegas ranar 2 ga Mayu 2015, da ciwon kafaɗar da aka yi wa tiyata bayan wasan, a damben da mutum miliyan 4.6 suka biya suka kalla, aka raba kuɗin kashi 60 da 40. Kamar mai kiwon rago ne da ya riƙe shi har jajibirin Babbar Sallah, ranar da mai saye ba shi da zaɓi.

Salon bai tsaya ga Pacquiao ba. Márquez ya hauro daga ajin laba 135 a 2009, aka yi yarjejeniya a kan 144, Mayweather ya hau sikeli da 146, ya biya tarar dala 600,000, aka yi damben haka. Canelo yana ɗan shekara 23 aka sa shi sauka zuwa laba 152, ƙasa da 154 na ajinsa. Mosley ya kai shekara 38. Shekarar 2008 kuwa, lokacin da Cotto, Margarito da Paul Williams ke kan ganiyarsu a ajin laba 147, Mayweather ya ce ya yi ritaya. Za a ce ai shi ma tsufa yake yi, har ya girmi Pacquiao da kusan shekara biyu. Haka ne, amma ga alama ɗan damben da ya dogara da kariya da karanta abokin gaba ya fi daɗewa a kan wanda ƙarfinsa ke cikin zafin nama da ƙafafu, kuma babu wanda ya fi Mayweather sanin haka.

Karawarsa biyu na ƙarshe ne suka fi wuyar karewa. A Satumban 2015, da Amir Khan da Keith Thurman na neman a ba su dama, ya zaɓi Andre Berto, wanda aka doke sau uku a wasanninsa shida na baya. Nasara ta 50, wadda ta sa ya zarce tarihin Rocky Marciano na 49, ya same ta ne a kan Conor McGregor, mutumin da bai taɓa yin damben zamani na ƙwararru ba, hukumar wasanni ta jihar Nevada kuma ta amince a rubuta ta a kundi.