Yadda Aikin Raya Karkara Ya Gudana a Ƙasar Karaye da Rogo

Tun kafin a buɗe ofishin raya karkara, garuruwa irin su Fulatan da Zarewa da Beli suna da hanyar gyara kansu. Idan damina ta cinye hanya, dagaci zai sa a yi shela, gari na wayewa samari su fito da fartanya da kwando, makaɗi na zuga su, mata na aiko da kunu. Da gayya aka haƙa rijiyoyi, da ita aka kewaye maƙabartu. Mu da muka shigo aikin daga baya, a tsaye muka tarar da ita. Abin da hukuma ta ƙara shi ne rajista da ɗan tallafin siminti da kwanon rufi, aka raɗa wa abin suna ƙungiyoyin taimakon kai da kai.

Shekarun 1970 ne suka girgiza karkarar Kano. Farin 1973 ya kashe dabbobi, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 kuma ta karya noman da manomi ke samun kuɗi da shi. Cin rani ya ƙaru, wasu da suka tafi ba su dawo ba. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta hau a 1979 ta soke haraji da jangali, a 1980 ta kafa hukumar yaƙi da jahilci. Ɗan birni ba zai gane girman soke harajin nan ba. A da, manomi kan kai hatsinsa kasuwa da kaka, lokacin da farashi ya faɗi warwas, don kawai ya sallami mai unguwa. Daga ranar da aka soke harajin, rumbunsa ya zama nasa.

Sai shirye-shirye suka yi ta zuwa a jere. KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Kano, a farkon shekarun 1980, da malaman gonarta a kan babura da shagunan taki na kamfanin KASCO. DFRRI, hukumar raya karkara ta tarayya, a 1986 da hanyoyin burji da famfunan tuƙa-tuƙa. Shirin inganta rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987. Bankunan al'umma a 1990. An yi aiki, ba na musu. Amma na ga injin niƙa da wani shiri ya kawo wa matan wani ƙauye, sabo fil, a kulle cikin ɗaki har gara ta ci ƙofar. Ba a tambaye su ko shi suke buƙata ba, ba a koya wa kowa gyaransa ba, kuma ba wanda ya san a hannun wa makullin yake. Na ga famfo da ya shekara a mace saboda roba guda ta ƙare. Duk abin da jama'a ba su sa kuɗinsu ko guminsu a ciki ba, na gwamnati suke kiransa, kuma gwamnati suke jira ta zo ta gyara.

Abubuwan da suka kama ƙasa su ne waɗanda manomi ya ga ribarsu da idonsa. Lokacin da shirin noma na Sasakawa ya iso Kano a 1992, an buɗe gonakin gwaji na rubu'in hekta a gonar manomi shi kansa. Malamin gona zai ja igiya, ya ce a jefa ƙwayar masara ɗaya tak a kowane rami, a tona a binne taki maimakon watsa shi. Dattawa sun yi ta girgiza kai, don a wurinsu ƙwaya ɗaya ganganci ne. Da kaka ta yi aka ƙirga buhuna a gaban kowa, ba a sake yin gardama ba. Haka ma shirin Fadama na shekarun 1990: ƙaramar rijiyar bututu da injin ban ruwa da mutum zai ɗaura a bayan babur. Dam ɗin Challawa da aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye babban aiki ne, ya kawo kamun kifi, ya kuma cinye gonaki da tsofaffin matsugunai. Amma a ganina ɗan injin nan ya fi shi hana samari tafiya cin rani, saboda na mutum ne, idan ya lalace da kansa zai kai shi wurin makaniki.

Wanda yake son ganin basirar mutanen yankin nan, ya je inda ake dafa mazarƙwaila a fadamun da suka miƙa har Maƙarfi da Ɗanja. A da doki ko sa ke juya injin matse rake, yanzu injin mai ne. Ruwan raken na kwarara cikin babban kasko, ana hura wuta da busasshiyar tukar raken, ana kwashe kumfa, har ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Wuri guda yana ciyar da mai sara, da mai amalanke, da mai wuta, da mai abinci, da direba. Babu shirin da ya kawo wannan. Jarinsa daga adashe da bashin 'yan'uwa ya fito.

Abin da ya rage mana ke nan: masara da tumatir da rake su daina fita daga garuruwanmu ɗanye. Hakan na buƙatar hanya mai biyuwa da damina, da wutar lantarki tsayayya, da rancen da zai jira kaka. Tun 2024 ƙananan hukumomin Karaye da Rogo ne ƙasar masarautar Karaye, don haka haɗa hakimai da dagatai da ƙungiyoyin gari a zama ɗaya ba zai yi wuya ba. Ku kuma 'yan asalin Fulatan da ke Kano da Kaduna da Abuja, idan kun zo gida da Sallah, ku zauna da ƙungiyar garinku ku ji sana'ar da matasa suka riga suka fara, ku sa jarinku a cikinta.