SeaBASS

SeaBASS rumbun bayanai ne na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, inda ake tara sakamakon awon haske da launin ruwan teku daga sassan duniya. Cibiyar Goddard da ke Greenbelt a jihar Maryland ce ke kula da shi.

Tarihi

An fara auna launin teku daga sama da na'urar CZCS, wadda ta yi aiki daga 1978 zuwa 1986. An kafa SeaBASS a shekarun 1990 domin tallafa wa na'urar SeaWiFS, wadda aka harba a 1997 ta kuma daina aiki a 2010. Rumbun ya ci gaba da hidima ga na'urorin MODIS da tauraron PACE da aka harba a 2024.

Abin da ake aunawa

Ruwa mai tsabta shuɗi yake bayyana domin yana shanye jan haske. Ƙananan tsirran ruwa masu ɗauke da kulorofil suna mayar da shi kore, laka kuma tana mayar da shi ruwan ƙasa. Masu bincike suna auna yawan hasken da ruwa ke shanyewa, da wanda yake warwatsawa, da yawan kulorofil, daga jiragen ruwa ko na'urori masu shawagi, sannan su aika wa rumbun tare da kwanan wata, wuri da zurfi.

Muhimmanci

Kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da tauraron ɗan Adam ke gani a saman teku daga iska yake fitowa, ba daga ruwa ba. Sai an gwada hoton da awon cikin ruwa kafin a amince da shi. Matsalar ta fi tsanani a Afirka ta Yamma lokacin hunturu, inda ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi ke ratsa arewacin Najeriya ta rufe Tekun Guinea.

Irin wannan awo yana aiki a koguna da madatsun ruwa. A ƙaramar hukumar Kumbotso ta jihar Kano, ruwan da masana'antun jima ke zubarwa yana shiga Kogin Challawa. Launi da gurɓacewar irin wannan ruwa suna cikin alamomin farko da ake dubawa wajen tantance ingancinsa.