Daga Ƙirgen Gawa Zuwa Ƙirgen Laifi: Tarihin Rahoton Sufeton Tukunyar Tururi

A yau, in sufeto ya shiga ɗakin tukunyar tururi a wani asibiti ko masana'anta a Amurka ya tarar bawul ɗin kariya ya ƙame da tsatsa, maganar ba ta tsayawa tsakaninsa da mai wurin. Zai rubuta, takardar ta wuce ofishin babban sufeton jiha, a yanka wa'adin gyara, in kuwa hatsarin ya yi kusa a kashe wuta nan take. Mun saba da wannan tsari har muna ganin kamar da shi aka fara. Amma in muka waiwaya shekara ɗari biyu, za mu ga kowane ofishi da takardar nan ke bi ta cikinsa, sai da aka binne mutane kafin a buɗe shi.

Ruwan da ke cikin tukunyar da aka rufe ruf yakan wuce zafin tafasa nesa ba kusa ba, matsi ne kawai ke danne shi. Da zarar ƙarfe ya tsage, matsin ya faɗi, sai wani kaso na ruwan ya rikiɗe tururi farat ɗaya, shi kuwa tururi yana neman wurin da ya ninka na ruwan kamar sau 1,600. Abin da ke ɗaga tukunya mai nauyin tan-tan ya ratsa rufi da ita ke nan. Mutanen farkon ƙarni na 19 ba su gane haka sosai ba. A kogunan Misisipi da Ohayo jiragen ruwa masu tururi suna tsere da juna don neman fasinja, wasu injiniyoyin sukan rataya nauyi a kan bawul ɗin kariya don kada ya saki tururi. In jirgi ya tarwatse sai a ce tsautsayi ne, ko a ce wata iskar gas ce ta taru a ciki. Sai da Cibiyar Franklin da ke Filadelfiya ta yi gwaje-gwaje daga 1830 zuwa 1836, da tallafin gwamnatin tarayya, kafin ta bayyana cewa musabbabin a fili yake: matsi fiye da kima, ƙarancin ruwa, raunin ƙarfe, da dattin da ke daskarewa a cikin tukunya.

A watan Afrilun 1838 jirgin Moselle ya fashe a bakin garin Cincinnati a idon jama'a, mutum fiye da ɗari suka halaka. Cikin wannan shekarar Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar farko ta duba jiragen tururi. Alƙalan gunduma ne ke naɗa masu duba, amma mai jirgi ne ke biyan su kuɗin kowace dubawa. Babu wani gwaji da aka tilasta, kuma babu wanda aka ce a kai wa rahoton abin da aka gani. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka mai duban da ya cika tsanani sai masu jirage su koma wajen mai sassauci. Takardun shaida suka yi ta fita, jirage suka ci gaba da fashewa. Dokar 1852 ce ta gyara tushen: sufetoci suka koma cin albashin gwamnati, aka ɗora manyan sufetoci tara a kansu, aka wajabta gwada tukunya da matsin ruwan sanyi, aka ba injiniyoyi lasisin da za a iya ƙwacewa, aka kuma ba hukuma ikon binciken kowane hatsari. A nan ne karon farko abin da idon sufeto ya gani ya sami hanyar hawa sama.

Duk da haka hanyar ƙunƙuntacciya ce, kuma labarin jirgin Sultana ya nuna hakan. A ƙarshen Afrilun 1865, yaƙin basasar Amurka yana ƙarewa, jirgin ya tsaya a Vicksburg ɗaya daga cikin tukwanensa huɗu tana yoyo. Maƙerin da aka kira ya ga ƙarfen ya kumbura, ya ce sai an canza faranti, aikin da zai ɗauki kwanaki. Kyaftin yana tsoron kada wani jirgi ya kwashe sojojin da aka sako daga sansanonin fursuna, waɗanda gwamnati ke biyan kuɗin ɗaukarsu kai-kai, sai ya lallashe shi ya yi faci kawai. Jirgin da aka yarje wa ɗaukar mutum 376 ya tashi da fiye da 2,000. Daren 27 ga wata, kaɗan da wuce Memphis, tukwanen suka fashe, mutum fiye da 1,100 suka mutu cikin wuta da ruwa. Abin da maƙerin nan ya gani da idonsa bai fito fili ba sai a wajen bincike, bayan an gama tsamo gawarwaki, kuma a ƙarshe ba wanda ya ɗanɗana hukunci.

Wannan duk a kan ruwa ne. A tudu, masaƙu da maƙeru da gidajen niƙa ba su da dokar tarayya ko ɗaya a kansu, sai 'yan kasuwa da injiniyoyi suka fara nema wa kansu mafita. A Mancesta ta Ingila, William Fairbairn ya jagoranci kafa ƙungiyar masu amfani da tururi a tsakiyar shekarun 1850, inda mamba ke biyan kuɗi a riƙa turo masa mai duba. A Mannheim ta Jamus, fashewar tukunya a wani kamfanin giya a 1865 ta sa masu masana'antu suka kafa ƙungiyar sa ido a 1866, wadda ita ce asalin TÜV da ake ganin tambarinta a kayayyaki har yau. A shekarar 1866 ɗin kuma aka kafa kamfanin Hartford a Amurka, a garin da fashewar wata masana'antar taragon jirgin ƙasa ta kashe mutum 21 a 1854. Dabararsu kyakkyawa ce: a haɗa duba da inshora. Tunda kamfanin ne zai biya diyya in tukunya ta tashi, sufetonsa ba shi da dalilin kau da kai. Daga 1867 suka fara buga mujallar The Locomotive, suna jera fashe-fashen da suka sami labari da irin lahanin da sufetocinsu suka tarar. Ni a ganina waɗannan shafuka su ne kakannin duk wani rahoton karya ƙa'ida da muke da shi yanzu.

Sai dai tsarin na ganin dama ne. Mai tukunyar da ta fi kowacce ruɓewa shi ne wanda ba ya neman inshora tun farko, wanda kuwa aka ce tasa ta lalace yana iya soke yarjejeniyar ya ci gaba da hura wuta, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Birtaniya ta toshe wani ɓangare na wannan kafa da dokar 1882, wadda ta ce duk tukunyar da ta fashe a sanar da Hukumar Ciniki cikin awa 24, a tura injiniyoyi su bincika, a buga sakamakon kowa ya karanta. Daga nan fashewa ta daina zama sirrin mai masana'anta. Dokar masana'antu ta 1901 ta ƙara da cewa a duba kowace tukunya aƙalla sau ɗaya cikin wata 14.

A Amurka kuwa sai da aka kai ga hatsarin garin Brockton. Safiyar 20 ga Maris, 1905, a masana'antar takalma ta Grover da ke jihar Massachusetts, an mayar da wata tsohuwar tukunya bakin aiki saboda ana gyaran sabuwar. Ta tashi ta ratsa benen katako mai hawa huɗu, ginin ya rufta kan ma'aikata, gobara ta biyo baya. Mutum 58 suka mutu, kimanin 150 suka ji rauni. Abin da ya fi girgiza masana shi ne, an duba tukunyar watanni kaɗan kafin nan ba a ga komai ba. Tsagar tana ɓoye ne a mahaɗar da aka ɗora farantin ƙarfe kan ɗan'uwansa aka buga ƙusoshi, inda ido ba ya kaiwa. Aka gane cewa duba kaɗai ba ya wadatarwa in tun wajen ƙira babu ƙa'ida. Bayan wata fashewar a Lynn a 1906, jihar ta kafa hukumar ƙa'idojin tukunya a 1907, Ohayo ta biyo baya a 1911. Nan da nan sabuwar matsala ta ɓullo, domin tukunyar da ta halatta a wannan jiha haramtacciya ce a maƙwabciyarta. Ƙungiyar injiniyoyi ta ASME ta kafa kwamiti a 1911, ta fitar da kundin ƙa'idojinta na farko mai shafi 114 a 1915.

Kundi ba ya duba tukunya, mutum ne ke yi. Shi ya sa a 1919 babban sufeton Ohayo, Carl Myers, ya tara takwarorinsa suka kafa hukumar sufetocin tukunya ta ƙasa, mai mazauni a Columbus. Ita ke shirya wa sufeto jarrabawa ta ba shi izini, ita ke ajiye takardar ƙirar kowace tukunya da aka yi wa rajista, da lambar da aka buga a jikin ƙarfenta. A wannan zamani ne aka ɗaura auren da ya fi kowanne amfani a tarihin nan: sufeton kamfanin inshora ya ci gaba da karɓar albashi daga kamfaninsa, amma jiha ce ke ba shi izinin aiki, kuma dole kwafin rahotonsa ya je teburin babban sufeto. Jihohi da dama sun ƙara da cewa in kamfani ya soke inshorar wata tukunya, sai ya sanar da hukuma. Mai tukunyar da aka ce tasa ta lalace ya rasa wurin ɓuya.

Da aka koma walda maimakon ƙusa, ƙarfe ya inganta, na'urori suka karɓi aikin mai zuba gawayi, sai manyan fashe-fashe suka ragu ƙwarai. Hatsarin ya koma wuraren da doka ba ta leƙa ba. A 19 ga Janairu, 1982, tankin dumama ruwa a kicin ɗin wata firamare da ke Spencer a jihar Oklahoma ya fashe ana cin abincin rana, ya kashe yara shida da malama ɗaya. An tarar an cire ma'aunin zafin da ke jikin bawul ɗin kariyarsa. Bayan nan jihar ta faɗaɗa dokarta ta haɗa da irin waɗannan tankuna. Alƙaluman da hukumar sufetoci ta tattara daga 1992 zuwa 2001 sun nuna haɗura 23,338 da mutuwar mutum 127, kuma mafi yawansu laifin ɗan Adam ne, wato ƙarancin ruwa a tukunya, kuskuren mai kula, da sakaci wajen gyara.

Waɗannan alƙaluma ne suka ƙara juya hankali zuwa ƙirgen laifi tun kafin ya haifi hatsari. Hukumomin jihohi suna aika wa hukumar ƙasa adadin dubawar da suka yi da irin karya ƙa'idar da suka tarar, ana rarrabawa: na'urar da ya kamata ta kashe wuta in ruwa ya yi ƙasa amma ba ta aiki, bawul ɗin da ya ƙame ko aka sa wanda bai dace ba, gyaran da aka yi ba da izini ba. Ƙirgen gawa yana faɗa mana abin da ya riga ya wuce ne, shi kuwa wannan yana nuna wa mai horar da ma'aikata da mai ƙera kaya inda za su sa hannu. Birtaniya ma a dokarta ta 2000 ta ce in mai duba ya ga hatsari na kusa, ya rubuta wa mai kayan nan take, sannan cikin kwana 14 ya aika wa hukuma.

Inda aka bar kafa kuwa, tsohon labari yakan dawo. A St. Louis, ranar 3 ga Afrilu, 2017, gindin wani tankin matsi a kamfanin kwali na Loy-Lange ya ɓalle, tankin ya yi tafiyar fiye da mita 150 a sama ya faɗa ta rufin wani gidan wanki. Mutum huɗu suka mutu, uku daga cikinsu ba ma'aikatan kamfanin ba ne. Hukumar binciken haɗuran sinadarai ta gano an yi masa gyaran da bai cika ba a 2012, an ga yana yoyo kwana uku kafin ya fashe aka ci gaba da aiki da shi, kuma birnin, wanda dokar jiha ba ta hau kansa ba, ba shi da shaidar ya taɓa duba shi.

Wa'adin wata 14 ɗin nan na Birtaniya shi Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta gada, kuma ya hau kan tukwanen da ke turara shinkafa a injinan Kano da Kebbi kamar yadda ya hau kan na masaƙa da na kamfanin mai. Ya kamata Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta riƙa buga wa jama'a duk shekara tukunya nawa sufetocinta suka duba, laifi nawa suka tarar, kuma nawa aka gyara. Kai kuma da ke aiki kusa da irin wannan tukunya, ka tambayi mai gidanka yaushe aka duba ta na ƙarshe, ka ce a nuna maka takardar.