Ƙarfin Motsi da Juriyar Kariya: Yadda Makami ke Huda Sulke da Ganuwa

Makamin ƙarfin motsi shi ne wanda ba ya ɗauke da nakiya a cikinsa, sai dai ya yi ɓarna da nauyinsa da saurinsa, tun daga kibiya da dutsen igwa har zuwa harsashin tankar yaƙi. A lissafi, wannan ƙarfi rabin nauyi ne a ninka da saurin da aka ninka da kansa, saboda haka ninka nauyi kan ruɓanya ƙarfin sau biyu, ninka sauri kuwa sau huɗu. Amma yawan ƙarfi kaɗai ba ya huda komai, sai an tattara shi a ɗan ƙanƙanen wuri.

Wannan ne ya sa harsashin tankar zamani ya zama doguwar sanda siririya ta tangistin ko ragowar yuraniyam, ƙarafan da suka ninka ƙarfen sulke nauyi fiye da sau biyu, wadda ke fita daga bakin bindiga da gudun da ya haura mita 1,500 a daƙiƙa guda. A irin wannan gudu matsin da ke kan tsinin ya fi ƙarfin taurin kowane ƙarfe, sai sandar da sulken su riƙa malala tamkar ruwa, sandar tana cinyewa daga gaba tana nutsewa, har ragowarta ta faso ciki tare da tartsatsin ƙarfe mai zafi. Don haka tsawon sanda da nauyin ƙarfenta su ne ke ƙayyade zurfin hudar.

Tarihin ganuwa ya nuna ɗaya fuskar al'amarin. A 1453 manyan igwogin Sultan Muhammadu na Biyu sun rugurguza sassan katangun Kustantiniyya, domin ginin dutse ba ya lanƙwasuwa, tsagewa yake yi. Daga baya maginan Italiya suka koma ga gajerun katangu masu kauri da aka cike bayansu da ƙasa, wadda ke shanye duka ta rarraba shi. Haka aka gani a Kano a 1903, inda igwogin Turawan Ingila suka kasa fasa badalar ƙasa, sai da suka karkata ga ƙofa, wurin da kariyar ta fi rauni.

Ashe ke nan gasar tsakanin tattarawa da rarrabawa take: maharbi yana neman tara ƙarfinsa a tsini guda, mai kariya kuma yana neman watsa shi ta hanyar kauri, da karkata sulke, da jera kayan da taurinsu ya bambanta. Wanda ya fi ƙwarewa a nasa ɓangaren shi ke rinjaye, ba wanda ya fi girman makami ko tsawon katanga ba.