TARIHIN 'YAR TSANAR TSUMMA A ƘASAR AMURKA

Lokacin da nake ƙarama, kakata ta taɓa naɗa mini 'yar tsana da ragowar wani tsohon zanenta. Na goya ta, na yi mata aure har sau uku, da ta tsufa kuwa aka share ta tare da shara. Ban sake tunawa da ita ba sai da na shigo jami'a, na ga cewa a Amurka irin wannan abin wasa yana da tarihi rubutacce, har ana ajiye shi a gidajen tarihi. Shi ne na ga ya kamata in ɗan gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na fahimta.

Da farko dai, 'yar tsanar tsumma ta girmi Amurka nesa ba kusa ba. A gidan tarihin Birtaniya da ke Landan akwai wata da aka tono a Masar, wadda aka ɗinka tsakanin ƙarni na 1 da na 5 Miladiyya, zamanin mulkin Rumawa. Da yadin lilin aka yi ta, aka cusa mata tsummoki da guntayen takardar ganye irin ta Misirawa.

A Amurka kuwa, talauci ne ya raya sana'ar. Cikin ƙarni na 19, 'yan tsana masu kan tangaran daga Jamus da Faransa ake kawo su, sai 'ya'yan masu hali. Matar manomi ba ta da kuɗin wannan, amma tana da allura da zare. Sai ta yanko akoko falle biyu a siffar mutum, ta ɗinke gefe, ta juya shi, ta cusa auduga ko tsumma ko garin katako. Ido kuwa maɓalli ne ko ɗinki, gashi zaren ulu, riga kuma daga tsohuwar rigar gida. Ko a shekarun 1930, da tattalin arziki ya karye, buhunan fulawa masu zane ne suka zama tufafin yara da na 'yan tsanarsu.

Akwai wata al'umma ta Kiristoci manoma da ake kira Amish, a jihohin Fensilbaniya da Ohayo. Su tasu 'yar tsanar ba ta da fuska ko kaɗan, ba ido ba baki. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne suna gudun yin siffa mai kama da gunki, suna kuma gudun alfahari da kyan fuska.

Sannu a hankali aikin ya fita daga ɗaka ya shiga kasuwa. A 1873 wata mata mai suna Izannah Walker, a jihar Rod Ailan, ta sami takardar mallakar fasaha a kan hanyarta ta danne yadi cikin mazubi ya fitar da fuska, sannan a shafa masa fenti. A 1915 kuma wani mai zane, Johnny Gruelle, ya yi rajistar Raggedy Ann, ya fitar da littafin labaranta a 1918, kamfanoni suka shiga ɗinka ta da yawa. Daga baya roba ta zo, musamman bayan fitowar Barbie a 1959, ta cika kantuna.

To, a nan ne abin mamaki yake. Bayan roba ta yi yawa, sai mutane suka koma marmarin tsumma. Masu ɗinkin yanzu sukan sayi sabon yadi su jiƙa shi cikin ruwan shayi ko kofi don ya yi kama da tsoho, su goge shi har ya koɗe, su karkata ɗinkin da gangan. Watau abin da matar manomi ta yi don rashi, shi ake biyan kuɗi a kwaikwaya. Sunan da suke kiran wannan salo da shi a Turanci yana nufin aikin mutanen farko, ko aikin wanda bai ƙware ba. Ni dai ban yarda da sunan ba. Matar da ta fitar da siffar mutum daga guntun buhu, da dare, bayan ta gama aikin gona da girki, ba a ce mata ba ta iya ba.

Wani abin lura kuma, sunan Walker da na Gruelle sun wanzu ne saboda takardar hukuma. Dubban matan da suka riga su ba wanda ya rubuta sunansu, sai dai ɗinkinsu da ya tsira a cikin akwatuna.

Mu ɗaliban Hausa, wannan ya isa ya zame mana ishara. Mun himmatu wajen tattara waƙa da tatsuniya da karin magana, amma wa ya tambayi tsohuwa yadda ake naɗa 'yar tsana da kara ko ƙashi ko tsumma? Da tsohuwa mai sani ya kamata a fara, tun tana nan. Ni kam na ƙudura in mun tafi hutu zan nemi ƙanwar kakata, in kai mata tsumma da allura, in zauna gabanta da littafina.