Daga gamana zuwa fada: a ina matashi yake koyon riƙe kansa?

Ƴan uwa ɗalibai, bari in fara da abin da ya faru a ajinmu bara. Mushe ya shigo wata rana ya ce kowa shi ɗauko takarda shi rubuta abin da yake so ya zama nan da shekara goma. Da aka tattara takardun, sai ga likitoci, ga ƴan duwan, ga sojoji, har da ministoci biyu. Sai ya ce to madalla, yanzu kowa shi rubuta abin da zai yi kafin ƙarshen watan ga don ya matsa kusa da burin nasa. Aji ya yi tsit. Ni kaina na daɗe ina tauna bik, ban rubuta komi ba.

Da hutu ya zo na tafi ƙauyenmu a yankin Tasawa, na ba kakana labari. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi da yana kamar shekaruna akuyoyinsa biyu, kuma babu wanda ya ba shi su, daga gamanarsa suka fito. Wannan magana ce ta sa na shiga tambaya da karatu: a da, ta wace hanya matashi yake koyon riƙe kansa a ƙasar ga tamu, kuma yaushe hanyar ta canza?

Gandu da gamana

A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, gonar gida iri biyu ce. Akwai gandu, babbar gonar da ke hannun maigida, wadda kowa yake yi ma aiki, hatsinta kuma shi ke ciyar da gida. Akwai gamana, wadda wasu ke ce ma gayauna: ɗan fili da maigida yake yanka ma matarsa, ko ƙanensa, ko ɗansa da ya isa riƙon hauya. Ana yin kwana huɗu ko biyar na mako a gandu, gwargwadon al'adar gari, sauran kwanakin kowa ya nufi gamanarsa. Abin da ta fitar nasa ne. In ya ga dama ya sayar ya ɗinka riga, in ya ga dama ya sayi akuya, in yana da hangen nesa ya fara tarin kuɗin aure.

Ku dubi abin da yaro ɗan shekara goma sha biyar yake koya a wannan ɗan fili. Dole ya ware iri tun da kaka, ya hana kansa cinye shi da rani. Dole ya yi shuka da ruwan farko, domin daminarmu wata uku ce zuwa huɗu, ba ta jiran malalaci. In ya makara da noman farko, haki ya cinye hatsin. Ran girbi kuma za a ƙirga dammai a gaban kowa, babu satar amsa, babu roƙon mushe ya ƙara maki.

Ƴan mata su ma suna da tasu hanyar. Yarinya tana talla, tana koyon canji da lissafin riba, tana kiwon ƴar akuyarta, irin jar akuyar nan ta Maraɗi, tana zubin adashe da ƙawayenta. A birni kuwa, kamar Damagaram, yaro yana zama gaban maigidansa a rumfar dukanci, ko maƙera, ko marina. Ya fara da aike da shara da zuga, a hankali a sakar masa aiki, har ranar da za a ce ya isa ya buɗe tasa rumfar.

Samariya ta gargajiya

Bayan gida da gona akwai tsara. Kowane gari ko unguwa yana da sarkin samari, kuma samari suna naɗa ma junansu sarautu irin na fada: waziri, galadima, alƙali da sauransu. Ƴan mata suna da tasu shugabar. Babban aikinsu shi ne gayya. In wani yana son a nome masa gona, ko tsoho ya gaza, ko za a yashe rijiya, sai a gaya ma sarkin samari, shi kuma ya sa rana. Makaɗa suna biye da manoma, suna yi ma wanda ya riga kai bakin gona kirari, ƴan mata suna kawo fura suna kallon wane ne jarumi, wane ne rago. Wanda ya ƙi fitowa ba da dalili ba a ci shi tara. Bayan kaka kuma sai wasanni: kokowa, kiɗa, da wasan kara irin na Damagaram, inda samari suke kwaikwayon sarki da fadawa da manyan hukuma da kayan da suka ƙera da karan hatsi. Wasa ne, amma a cikinsa ake koyon magana gaban jama'a, da raba aiki, da yanke hukunci tsakanin abokai.

Kada mu mai da wancan zamani aljanna. Ɗan maƙeri maƙeri ne ko yana so ko ba ya so. Ana aurar da yarinya tun ba ta gama wayo ba. Shekarar fari kuma gamana da gandu duka ƙasa suke komawa. Amma abu uku sun haɗu a wancan tsari: matashi yana da wani abu da yake nasa na kansa, yana da wa'adin da ba ya ɗagawa, yana kuma da tsara masu ganin ko ya yi ko bai yi ba.

Zuwan Nasara da lakwal

Mulkin Faransa ya girgiza wannan tsari. Samari su ne aka riƙa kwasa zuwa aikin tilas, gyaran hanya da ɗaukar kaya, har sai da aka soke shi a 1946. Lanho kuma da kuɗi ake biyansa, don haka noman gujiya ya bunƙasa, samari suka ƙara yawan tafiya cin rani Kano da Kumasi da Ankara. Wanda ya saba riƙe kuɗinsa a baƙon gari, in ya dawo ba ya son zama ƙarƙashin gandu kamar da. Gandu ya fara tsagewa.

Lakwal ta zo da sabon buri: takarda da aikin biro. Yara kaɗan ne suka shige ta a zamanin Nasara, kuma da aka samu ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, ƙasa tana ƙishin ma'aikata. Duk wanda ya riƙe takarda sai ya samu wuri. Daga nan iyaye da ɗiyansu suka ɗauka cewa aikin ɗan lakwal ɗaya ne, ya ci jarrabawa, sauran kuma na gwamnati ne. Har yau da wannan tunani muke shiga aji.

Samariyar Kunce

Bayan farin da ya addabi ƙasa daga 1968 zuwa 1974, sojoji suka hamɓarar da Jori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya hau. Ya rushe jam'iyya, yana kuma bukatar hanyar da zai kai ga talakawa, sai ya tada samariya ya mai da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya, tun daga unguwa har Yamai. Da aka zo kafa tsarin nan na raya ƙasa da suka kira Société de Développement, samariya da ƙungiyoyin manoma na haɗin gwiwa su ne ginshiƙansa biyu.

Gaskiya an yi aiki. Ƴan samariya sun buga tubali sun gina azuzuwa, sun share gari, sun dasa itatuwa, musamman ran 3 ga Agusta da ta zama ranar dashen icce. An gina gidajen samariya a garuruwa, ana wasan kwaikwayo da waƙa da rawa, ana kuma bikin matasa na ƙasa wanda yake kewaya manyan birane, kowace jiha ta kawo gwanayenta. Ku tambayi iyayenmu, da yawa a can suka fara hawa dandali, a can suka fara ganin wani gari ban da nasu.

Sai dai akwai abin da ya ɓace. Aikin daga sama yake saukowa: hukuma ta ce ga abin da za a yi, ga ranar da baƙo zai zo, a fito tarbo. A wurare da dama shugaban samariya dattijo ne ko attajiri, ba saurayi ba. Wasu kuma suna ganin ƙungiyar kunnen gwamnati ce a cikin unguwa. Wa'adi yana nan, idon tsara yana nan, amma gonar ta zama gandun gwamnati, babu gamana a ciki. Kunce ya rasu a watan Nuwamba 1987, Ali Shaibu ya gaje shi. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, ranar da muke tunawa kowace shekara, kuma daga nan guguwar canji ta kai ƙasa ga babban taron ƙasa, wato Konferans Nasiyonal, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Da jam'iyyu suka yi yawa, samariya ta watse. Ba a ga samari sun tashi kare ta ba, domin sun daɗe da sanin ba tasu ba ce.

Fada

Shekarun 1990 sun zo da tsanani. Kuɗin uraniyum ya ja baya tun farkon shekarun 1980, gwamnati ta taƙaita ɗaukar ma'aikata, lakwal ta sha yajin aiki har da shekarun da aka soke, a watan Janairu 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Matashi ya gama karatu, takarda a hannu, babu biro. A wannan lokaci ne fada ta bazu a Damagaram, Maraɗi, Tawa, Yamai da sauran garuruwa: tabarma ko benci a bakin titi, butar shayi a kan gawayi, karta, kiɗa, da sunan fada rubuce a jikin bango.

Manya suna ce ma abin zaman kashe wando. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Fada tana da shugaba da ma'aji, ana haɗa kuɗi in ɗaya zai yi aure ko suna, wasu suna gadin unguwa da dare, wasu suna yashe lambatu kafin damina. Babu kumandan ko minista da ya kafa ta, mu muka kafa abarmu. Ta nan ta fi samariyar Kunce. Inda ta gaza shi ne wa'adi. A fada babu ranar girbi. Shayi na farko, na biyu, na uku, gobe ma haka, sai mutum ya farka ya ga shekara biyar ta wuce yana cewa in an buɗe konkur.

Darasi daga uwayenmu

Abin mamaki, waɗanda suka riƙe abu ukun nan gaba ɗaya mata ne, mafi yawansu ba su taɓa shiga aji ba. A 1991, shekarar Konferans, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a jihar Maraɗi kan wani tsari da ya samo tushe daga adashe, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Mata su haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da aka amince, a sa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata daban-daban. Mai son jari ta ranta ta yi ƙuli-ƙuli ko kiwo, ta maido a ranar da aka sa. In zagaye ya cika a fasa asusu a raba. Kuɗin nasu ne, ranar zubi ba ta ɗagawa, kuma kowa tana ganin kowa. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da yawa na Afirka har da wajenta, kuma daga Maraɗi ya tashi.

To mu fa?

Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ko wace gwamnati ce ta zo, ba ta da biro da zai ɗauke mu duka. Gonakin ma an raba su gado bayan gado har wasu gidajen ba su da abin yanka ma yaro. Saboda haka gamanarmu sai mu yanka ma kanmu, kuma ba lalle ta zama ƙasa ba. Tana iya zama keken ɗinki na maƙwabciya da za ki riƙa zama gabansa ran Asabar, ko rumfar mai gyaran salula, ko ɗan rago da za a yi kiwo har Layya, ko lissafin da yake kayar da kai wanda ka ɗaura niyyar gamawa da shi kafin jarrabawa. Ba cewa nake a bar karatu ba. Kakanninmu ma ba su bar gandu don gamana ba, kwanaki suka raba.

Ga shawarata ga kowace fada da kowane rukunin ƙawaye. In an koma lakwal a watan Oktoba, ku zauna, kowa ya faɗi abu guda da zai iya yi da hannunsa ko da kansa kafin watan Yuni, a rubuta a kaye, ma'aji ya ajiye. Duk ƙarshen wata a buɗe kayen a tambayi kowa ina ya kai. In ku goma sha biyu ne, kowa yana zuba dala ashirin a mako, cikin mako 36 kun tara jika 43 da ɗoriya. Ya isa a saya ma ɗaya akuya, ko a biya ma wata kuɗin koyon ɗinki, baɗi kuma a juya kan wani. Wanda ya yi sanyi a yi masa tsiya irin ta abokai, wanda ya cika alkawari a yi masa kirari, kamar yadda makaɗan gayya suke yi.

Ni dai na koma na cike takardar nan da na bari fara a gaban mushe. Na rubuta cewa kafin Yuni zan iya kwance injin ban ruwa in maida shi, domin ƙanen babana yana da garka kuma duk rani sai ya biya mai gyara. Na faɗa a fadarmu, an rubuta. Sau biyu ke nan ina maida injin ana samun ragowar ƙusa a ƙasa, abokai suna ta yi mini dariya. Saura wata huɗu.