Daga Baduku Zuwa Shumeka: Tarihin Kalmomin Takalmi a Hausa

1.0 Gabatarwa

Harshen Hausa ya ari kalmomi masu yawa daga Ingilishi, irin su mota da tebur da burodi, amma bai ari kalmar shoe don ta zama sunan abin da ake sa wa a ƙafa ba. Har gobe Bahaushe takalmi yake cewa. Duk da haka kalmar ta shigo Hausa, sai dai a ɓoye cikin wasu kalmomi. Wannan takarda za ta bi sawun yadda hakan ta faru, tun daga Kano da Gobir har zuwa yankin Gadarif na ƙasar Sudan, domin ɗalibi ya ga cewa aron kalma yakan bi sawun kasuwa da sana'a da mulki.

2.0 Asalin Kalmar a Ingilishi

Kalmar shoe ba bakuwa ba ce a Ingilishi, gadonta ya yi. A tsohon Ingilishi, wato wanda aka yi amfani da shi kafin shekarar 1100, ana rubuta ta scoh. Tana da 'yan'uwa a harsunan da suka fito tsatso ɗaya: Jamusanci na da Schuh, Holanci na da schoen, harshen Suwidin kuma sko. A da jam'inta shoon ne, daga baya shoes ya ture shi. Ma'anarta ta farko ita ce abin da ke rufe ƙafa, sannan ta faɗaɗa ta haɗa da ƙarfen da ake buga wa kofaton doki da kuma wani ɓangare na birkin mota. Ke nan tsohuwar kalma ce mai ƙarfi a gidansu. Abin tambaya shi ne, me ya sa da ta zo ƙasar Hausa ba ta sami wurin zama a tsakar gida ba?

3.0 Takalmi Kafin Zuwan Turawa

Amsar tana cikin tarihin dukanci. Tarihin Kano ya lissafa takalmin gashin jimina cikin abubuwan sarauta da aka fara a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Haka kuma matafiyin nan Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya bayyana a littafinsa da aka buga a 1550 cewa mutanen Gobir suna ɗinka takalma ana kai su Tambutu da Gawo.

Bayan shekara 300, Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851. Ya ƙiyasta cinikin takalman Kano a kan wuri miliyan 10 a shekara, ya kuma ce mafi kyawunsu, da ake kira taka-saraki, wuri 200 ake sayar da shi. Bugu da ƙari, fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, takan ƙetare Sahara har ta kai Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can ta biyo.

Al'ummar da ke fitar da kaya zuwa waje ba ta rasa sunan kayan. Saboda haka Hausa tana da babbar kalma, takalmi, jam'i takalma, da kuma ƙananan kalmomi a ƙarƙashinta: faɗe, wato buɗaɗɗen takalmin fata, sau-ciki, wanda ke rufe ƙafa, da dangarafai na itace. Sana'ar ma da sunayenta: majemi ya jeme fata, baduku ya yanka ya ɗinka. A birnin Kano har yau akwai unguwar da ake kira Dukawa.

4.0 Aro Daga Larabci

Kalmar huffi ta shigo ne ta hanyar littattafan fiƙihu, a babin shafa a kan huffi lokacin alwala. Asalinta khuff. Ɗalibi zai lura da sauyi biyu. Na farko, sautin kh na Larabci ya koma h, kamar yadda ya faru a hamsin da hatimi. Na biyu, an ƙara wasalin i a ƙarshe, domin yawancin sunayen Hausa da wasali suke ƙarewa. Huffi bai ture takalmi ba, gurbin da babu kowa ya shiga, wato na safar fata da malamai ke magana a kanta.

5.0 Aro Daga Ingilishi

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sababbin takalma suka fara shigowa ta hanyar soja da makarantar boko da kantuna. Kamfanoni irin su Bata, wanda aka kafa a garin Zlin na ƙasar Cek a 1894, suka yaɗa takalmin masana'anta a Afirka. Kowane sabon samfuri ya zo da sunansa, Hausa kuma ta gyara shi daidai bakinta. Slippers ya zama silifa: an raba baƙaƙe biyun farko da wasali, p ya koma f. Canvas ya zama kambas: v ya koma b, sannan n ya koma m saboda maƙwabtaka da b. Boot ya zama but. Wasu kuwa ba a ara ba, ƙirƙira aka yi, kamar takalmin soso da takalmin roba, da ƙwas-ƙwas wanda aka raɗa wa suna daga ƙarar takunsa.

A nan ne shoe ta sami ƙofa. Ta shigo cikin shumeka, daga shoemaker, da shushaina, daga shoe shiner. A kalmomin biyu r na ƙarshe ya faɗi, domin Ingilishin Ingila da aka ji ba ya furta shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sauyin ma'ana. A Ingilishi kalmar farko na nufin mai ƙera takalmi. A Hausa kuwa shumeka ya fi zama mai gyaran wanda ya tsinke, ko a rumfa ko yana yawo da akwatinsa. Ma'anar ƙira ta riga ta zama ta baduku, don haka baƙuwar kalma ta ɗauki abin da ya rage.

6.0 Hausawan Gadarif

Hanyar hajji ta ƙasa ta kai Hausawa Sudan tun ƙarnoni da suka wuce. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'a masu yawa sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka yi gabas, aka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Aikin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925, da noman dawa da riɗi da injuna a Gadarif daga tsakiyar shekarun 1940, sun ƙara jawo mutane. Yankin ya haɗa da garuruwa irin su Doka, a kan hanyar Gadarif zuwa Gallabat ta iyakar Habasha.

Ingila ta mulki Sudan tare da Masar daga 1899 zuwa 1956, amma harshen kasuwa a can Larabci ne. Don haka sunayen da mai sayen takalmi ke ji a kasuwannin wannan yanki daban suke da na Kano. Akwai markub, takalmin fata na gargajiya, daga tushen Larabci mai ma'anar hawa. Akwai shibshib, wato silifa. Akwai kuma jazma, wadda Larabci ya aro daga Turkanci, harshen masu mulkin da suka riƙe Sudan daga 1821 zuwa 1885. Masani Al'amin Abu-Manga ya yi nazarin yadda Hausar Sudan ke karkata ga Larabci a littafinsa na 1999. Darasin shi ne, mulkin Ingila kaɗai bai isa ya sa a ari kalmar Ingilishi ba. Harshen da ake ciniki da shi ne ke ba da aro.

7.0 Kammalawa

An ga cewa takalmi ya riƙe matsayinsa na babbar kalma, baƙin kalmomi kuwa suka jeru a ƙarƙashinsa, kowace da hanyar da ta biyo: huffi ta makarantar ilimi, kambas ta kanti, shumeka ta bakin titi. Sai dai jerin yana nuna wani sauyi. Tsofaffin kalmomi na ƙira ne da fitar da kaya, sababbin kuwa na saye ne da gyara. Yaro a birni yau zai iya sanin shumeka bai san baduku ba. Ya kamata ɗalibin harshe ya je wurin dukawa da majema ya rubuta sunayen kayan aikinsu da na samfuran takalmansu daga bakinsu, domin idan sana'a ta ja baya, kalmominta ne ke fara ɓacewa.